Maganar Play mai filashe: wa doka take nema?

Tun shekaranjiya ake ta turo min wata murya a WhatsApp wai duk wanda aka samu da Play (PlayStation) ɗin da aka yi wa filashe, wato aka fasa shi don ya riƙa karɓar gem na kwafi, sai komisariya, har ƙanena ya naɗe PS2 ɗinsa a zane ya cusa ƙarƙashin gadon inna. To jama'a a tsaya tukuna.

Dokar haƙƙin mallakar nan ba jiya aka yi ta ba, ta Nijar tun Disamba 2010 take, BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na ƙasa, ke kula da harkar, ga kuma yarjejeniyar Bangui ta 1977 da Nijar ke ciki. Tana kare mawaƙa, marubuta, ƴan fim da masu haɗa manhaja, gem ma a nan ya faɗo.

Inda ake ruɗewa shi ne maganar kwafi don amfanin kai. E, akwai wannan sassauci, amma manhaja an ware ta daban, abin da aka yarje maka shi ne in ka sayi ta asali ka aje kwafi ko da za ta lalace. Wanda ya buɗe shago da dis cike da PES da FIFA yana loda wa mutane a kile yana karɓar jika jika, shi ne a bakin wuta, don sana'a yake da kayan wani, mai gidan gem ma ya yi hattara tunda kuɗi yake samu da su. Ko a waje haka ne, Gary Bowser da kotun Amurka ta yanke wa wata 40 a 2022 kayan fasa Nintendo Switch suke sayarwa shi da abokan harkarsa, ba da manet a hannu aka kama shi ba.

Kai mai bugawa a ɗaki kuwa Sony ta fi ɗan sanda kusa da kai, ka hau intanet da na'urar filashe su toshe ta, shi ke nan.

Kamfanonin suna lissafa kwafi a matsayin cinikin da ya kuɓuce musu. Nintendo ta ce an sauke kwafin satar wani gem ɗinta na Zelda fiye da sau miliyan 1 tun bai fito ba a 2023, wannan kam asara ce ba gardama. Amma sabon gem dalar Amurka 70 ne, wajen jika 40, yaron da ke haɗa dala ashirin (sefa 100) da ƙyar ya buga wasa ɗaya a unguwar Zariya wallahi ko an rufe duk masu lodi na Maradi ba saye zai yi ba.