Tambayoyi da amsoshi kan gadon Aztek a ƙasar Meziko

Shin mutanen Aztek sun ƙare?

Ba su ƙare ba. Daularsu ce ta faɗi a 1521, lokacin da Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniyawa, da ƙawayensa 'yan ƙasar daga Tlaxcala suka ci babban birnin daular, Tenochtitlan, da yaƙi. Ƙidayar 2020 ta nuna fiye da mutum miliyan 1.6 suna magana da Nahuatl, harshen Aztek, ko da yake yawancinsu talakawa ne da ake raina wa harshe a ƙasar da ke tinƙaho da kakanninsu.

Su ne suka gina manyan gine-ginen tsohon birnin Teotihuacan?

A'a, kuma ya kamata a daina maimaita wannan kuskure. Kufai suka tarar da wurin.

Idan na halarci bikin Ranar Matattu, al'adar Aztek zan gani?

Wannan ba ta amsuwa da kalma ɗaya. Ranakun bikin, 1 da 2 ga Nuwamba, na cocin Katolika ne da Sifaniyawa suka kawo, kuma Aztek suna da nasu bukukuwan tunawa da mamata a wasu watanni dabam. Amma furen nan mai ruwan lemo da ake kira cempasúchil, wanda ake shimfiɗawa tun daga bakin ƙofa har zuwa teburin da aka jera hoton mamaci da abincin da yake so, tsiron ƙasar ne tun kafin zuwan Turawa. Masana ba su daidaita ba kan yawan abin da ya tsira daga wancan zamani, domin bayan juyin juya halin 1910 gwamnati ta ɗaukaka duk abin da za a jingina wa Aztek. Faretin da ake yi a babban birnin kuwa sai a 2016 aka fara shi. Kada wannan ya sanyaya maka gwiwa. Ka nufi ƙauye irin Mixquic, inda iyalai ke zama a maƙabarta da kyandirori.

Mece ce ma'anar gaggafar da ke jikin tutar ƙasar?

Alama ce daga labarin kafa Tenochtitlan a 1325, a kan tsibirin tafkin Texcoco.

To, ina gadon ya fi bayyana?

A cikin tukunya. Har yau ana dafa masara da farar ƙasa ko ruwan toka kafin a niƙa ta a yi gurasar tortilla, dabarar da Aztek suka gada kuma suka bar wa na baya, wadda ke fito da sinadarin niacin, wani nau'in bitamin, ta kare mai ci daga pellagra, cutar da rashinsa ke jawowa.