Ragar kiwon salmon ba katanga ba ce

An daɗe ana ɗauka cewa kifin salmon da ake kiwo cikin raga a teku a killace yake, cutarsa ba ta kaiwa waje. Ina! Kifi kawai raga ke tarewa, ruwa kuwa shiga yake yana fita.

Dubi kwarkwatar teku, mai maƙalewa a jikin kifi tana cin fatarsa har ta bar gyambo. Cunkoson kifi a raga ya ba ta wurin hayayyafa, igiyar ruwa kuma ta kwashi 'ya'yanta zuwa kan ƙananan salmon da ba na kiwo ba, masu gangarowa daga kogi zuwa teku, waɗanda kwarkwata kaɗan ke iya kashewa. Norway ta sha fama da ita.

Ragar ma takan rushe: a 2017, a jihar Washington ta Amurka, kifaye sama da dubu 200 suka tsere.