Mota na mutuwa a hanya, shin injin ne ya buga?

An daɗe ana cewa tsohuwar mota mai ɗakin kwana a ciki, idan tana yawan mutuwa, injinta ya gama aiki, sai a karya mata farashi. Fargabar tana da dalili, amma sau da yawa ba haka abin yake ba.

Inji na buƙatar mai, iska da wuta. Ɗaya ya yanke, ya tsaya. Irin wannan mota kuwa takan yi watanni a ajiye. Fetur ya tsufa, ya bar danƙo a kafireta, tsatsar tanki ta toshe filta. Wani lokaci tiyon iska ne ya tsage, ko kwayil, mai tura wa fulogi wuta, ya riƙa kasawa idan ya ɗau zafi.

Ka lura da lokacin da take mutuwa. A sulo ne kawai, wato lokacin da injin ke aiki ba a taka totur ba? Duba iska da kafireta. A hawan tudu? Mai ba ya isa. Injin da ya lalace yakan nuna kansa: shuɗin hayaƙi a salansa, ƙwanƙwasa daga ciki, shan baƙin mai. Makanike zai iya auna matsin kowace silinda, kuma a ganina kada a yi ciniki kafin nan.

Don Allah ku tura wa masu saye da masu sayarwa.