Waiwaye: Yadda David Barker ya bi sawun ciwon suga har cikin mahaifa

Har zuwa shekarun 1980, idan ana maganar ciwon suga na manya, likitoci kan tsaya a kan gado da halin rayuwa: ƙiba, rashin motsa jiki, cin maiƙo da zaƙi. Tun 1962 wani masani ɗan Amurka, James Neel, ya ce mutum ya gaji tsimin abinci ne daga kakannin da suka sha yunwa, tsimin kuma yakan zama cuta idan wadata ta samu. Watanni taran da jariri ke yi a ciki ba su cika shiga lissafi ba.

David Barker, likita ɗan Ingila da aka haifa a 1938, shi ya shigo da su. Ya taɓa aiki a Jami'ar Makerere ta Yuganda kan gyambon Buruli kafin ya zauna a Southampton. A can, shi da masanin ƙididdiga Clive Osmond suka zana taswirar mace-mace ta Ingila da Wales. A 1986 suka bayyana a mujallar Lancet cewa yankunan da jarirai suka fi mutuwa tsakanin 1921 da 1925 su ne aka fi mutuwa da ciwon zuciya tsakanin 1968 da 1978. Yankunan talakawa ne, alhali ana kiran ciwon na masu hali. Anders Forsdahl ya riga Barker hango haka a Norway a 1977, kuma ya cancanci a riƙa ambatonsa.

Taswira dai ba ta isa hujja ba, sai an san nauyin kowane mutum ranar haihuwarsa. Nan aikin wata mata ya yi rana. Daga 1911, Ethel Margaret Burnside, mai kula da ungozomomi a gundumar Hertfordshire, ta sa ma'aikatanta bin gida-gida a kan kekuna, suna auna jarirai a haihuwa da kuma in sun shekara, suna rubutawa a manyan littattafai. Bayan shekaru fiye da 70 Barker ya samo littattafan, ya bibiyi masu sunayen. A 1989 ya nuna cewa waɗanda aka haifa ƙanana sun fi mutuwa da ciwon zuciya. A 1991, tare da Nick Hales na Cambridge, suka gwada jinin maza 468 masu kimanin shekara 64, suka ga ƙarancin nauyi a jarirantaka na tafiya da hauhawar suga a tsufa.

Bayanin da suka bayar a 1992 shi ne: ɗan tayin da abinci bai ishe shi ba yakan fifita ƙwaƙwalwa, ya rage wa sauran gaɓɓai, har da wadda ke fitar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Jikin ya shirya wa yunwa. In ya girma ya tarar da ƙoshi, suga ya fi ƙarfinsa.

An soki Barker, kuma sukar ba ta banza ba ce. Wasu sun ce talaucin da aka haifi mutum cikinsa shi ke bin sa har tsufa, wasu suka ce gado ɗaya ke jawo ƙanƙantar jaririn da ciwon. Amma a 1998 binciken waɗanda ke cikin mahaifa lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945 ya nuna jikinsu bai sarrafa suga yadda ya kamata, kuma Chittaranjan Yajnik ya ga makamancin haka a yaran Pune ta Indiya. Kafin Barker ya rasu a 2013, maganar kwana dubu na farkon rayuwar yaro ta shiga tsare-tsaren ciyarwa na duniya.

A ganina mu ne wannan bincike ya fi shafa. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, yarinyar da ta tashi da tamowa takan ɗauki ciki jikinta bai gama ginuwa ba, ɗan da ta haifa kuma ya girma a birni cikin lemon kwalba, farar shinkafa da zaman shago. Haɗuwar da Hales da Barker suka bayyana ke nan. Duk da haka muna raba awon ciki da asibitin masu suga kamar ba ruwan wannan da wancan, kuma mata da yawa a gida suke haihuwa, ba a ɗora jaririn a sikeli ba balle a rubuta.