Sabar biyu, mai gadi ɗaya: raba aikin tace imel

Wani ƙanena da ke kula da kwamfutocin wani ofis a nan Yamai ya tsare ni da tambayoyi, bayan saƙonnin shara sun shaƙe sabar imel ɗinsu, wato kwamfutar da ke karɓar musu wasiƙu.

Yaya, in na ƙara sabar ta biyu, wa zai raba musu saƙonnin?

DNS ne, wato kundin adireshin intanet. Sunan yanki (abin da ke bin alamar @ a adireshin imel), na .ne ko waninsa, kan kasance da rajistar MX mai nuna inda za a kai wasiƙa, kowace sabar da lambarta. Mai ƙaramar lamba ake fara ƙwanƙwasa wa ƙofa. Ka ba su 10 da 10, masu aikowa su rarrabu tsakaninsu. Ka ba su 10 da 20, ta biyun ta zauna jiran ranar da ta farko za ta faɗi.

Ke nan sai in bar ta biyun da sauƙin tsaro?

Kul! Masu watsa shara da gangan suke nufar ƙofar baya, don sun san nan ake sakaci. Ka tuna Babbar Kasuwa: ƙofofi barkatai, ɓarawo kuwa wadda mai gadinta ke gyangyaɗi yake nema. Abin da ta farko ta ƙi, dole ta biyu ta ƙi, har jerin sunayen ma'aikatan da ake karɓa wa wasiƙa ya zama ɗaya.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne ƙwaƙwalwa. SpamAssassin da Rspamd, manhajojin tace shara, suna koyo daga saƙonnin da aka nuna musu cewa shara ne. In kowace sabar tana ajiye karatunta ita kaɗai, saƙo guda zai ci makin zargi 6 a nan a tsare shi, ya ci 3 a can ya wuce, tunda SpamAssassin a maki 5 yake yanke hukunci in ba ka canza ba. Ni dai shawarata, a haɗa musu rumbu ɗaya, kamar manhajar ajiye bayanai ta Redis. Haka dabarar greylisting, ta ce wa baƙon mai aikowa "je ka dawo" don a ga ko zai sake gwadawa: in babu rumbu ɗaya, ya dawo ta ɗaya ƙofar a sake korarsa, wasiƙar shugaba ta yi ta yawo.

HAProxy fa, manhajar da ake sa wa a gaba ta raba wa sabar aiki?

Yana aiki, amma ka kunna ƙa'idar PROXY mai isar da adireshin mai aikowa, manhajar sabar imel ta Postfix ta san ta. In ba haka ba kowane saƙo zai zo da adireshin HAProxy, a kasa gane ainihin mai aikowa.

In wuta ta ɗauke duka biyun suka mutu?

Wasiƙa ba ta ɓata nan take, sabar mai aikowa kan yi ta gwadawa kwana 4 zuwa 5. Amma da zafin Afrilu na Yamai, kar ka jera su a ɗaki ɗaya kan injin wuta ɗaya. Ɗaya a ofis, ɗaya a yi hayarta a wani wurin.