Yaji da biko a ƙasar Zamfara

Yaji shi ne matar aure ta bar ɗakinta cikin fushi ta koma gidan iyaye ko dangi, alhali ba a sake ta ba. Biko kuwa shi ne zuwan miji ko wakilansa domin ba da haƙuri a maido ta. A Zamfara, kamar sauran ƙasar Hausa, da yaji mace kan auna darajarta a idon miji da danginsa. Saurin bikon da girman waɗanda aka turo su ke ba ta amsa.

Dalilai

Rashin ci da duka suna kawo yaji, haka ma raini: satar kwana, fifita kishiya wajen cefane, kushe girki a gaban mutane, zagin iyaye, ko ƙara aure ba a yi wa uwargida kayan faɗar kishiya ba. Akan ce mowa ta fi saurin yaji don ta tabbata za a biyo ta. Bora takan daɗe tana haɗiyewa, tsoron kada ta tafi a manta da ita.

Yadda ake yi

Mai yaji takan ɗauki mayafi da 'yan tufafi da yaron da ke goye, ta bar gado da jere a ɗaki. Kwashe kayan ɗaki alama ce ta mutuwar aure, don haka manya ba su yarda a taɓa su. Sau da yawa ba gidan uba take sauka ba. Uba mai kara ba ya son a ce ya goya wa ɗiyarsa baya, yana iya sa ƙanenta ya mayar da ita tun bai ji ta bakinta ba. Shi ya sa takan zaɓi gidan gwaggo, ko kawu, ko wanda ya yi mata walicci.

Akan bar zuciya ta huce kwana ɗaya ko biyu. Daga nan miji ya turo babban abokinsa ko baffansa. In laifin mai nauyi ne ya je da kansa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gai da surukai, ya bar dattijon da ya rako shi ya yi magana. Ana jin ta bakin kowa, a yi wa miji faɗa a fili, ita kuma a yi mata nasiha a ɗaki. Goro, ko turmin atamfa, ko turare kan biyo baya. Wata dattijuwa ce ke raka ta, galibi bayan magariba don kauce wa idon maƙwabta.

Inda ake ɓata lamari: jinkirin biko, wanda dangin mace ke ɗauka wulaƙanci, turo yaro a matsayin manzo, da maido ta ba a warware asalin matsalar ba, sai ta sake fita. Yajin da ya yawaita kuma kwarjininsa kan zube, har miji ya daina biko.

Tarihi da shari'a

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ana jin tsakanin 1786 da 1791. Mata na halartar majalisinsa, kuma a rubuce-rubucensa ya soki malaman da ke barin matansu cikin jahilci suna nanata musu biyayyar miji kawai. Fiƙihun Malikiyya da alƙalai ke bi tun zamanin Daular Sakkwato ya ɗauki fita ba izini kuma ba uzuri a matsayin nushuzi, wanda kan saryar da ciyarwa. Amma ya ba mace damar neman a raba aure in ta tabbatar da cutarwa, ko ta yi kul'i, wato ta biya miji fansa ya sake ta. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta umarci a naɗa mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga na mata, tsarin da biko ya yi kama da shi. Aya ta 129 kuma ta hana barin mace a rataye, ba aure ba saki.

Jihar Zamfara, da aka ƙirƙira a 1996, ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoba 1999. Rikicin da ya fi ƙarfin dangi da mai unguwa da liman kan je Hisba ko kotun Shari'a.

Saɓani

Malamai da dama na hana yaji. Masu kare shi na cewa shi ke tilasta wa miji sauraro kafin a kai ga saki.

A yau

Wasu mazan da waya suke biko, abin da dattawa ba su ɗauka biko ba.