Ayyukan Sa-kai na Kiwon Lafiya a Jihar Bauchi

Ayyukan sa-kai na kiwon lafiya su ne hidimomin da ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane ke yi wa marasa lafiya ba don neman riba ba, musamman ga waɗanda ba su da halin biyan kuɗin asibiti. A Jihar Bauchi, mai ƙananan hukumomi 20, ayyukan sun haɗa da biya wa majinyata kuɗin magani, ba da jini, kai mai naƙuda asibiti, bin gida-gida don rigakafi, da kula da yara masu tamowa. Masu yin su sun kama daga 'yan agajin masallatai da ƙungiyoyin coci har zuwa manyan ƙungiyoyin ƙasashen waje. Da yake sai a 1996 aka cire Jihar Gombe daga Bauchi, tarihin farko na aikin ya shafi jihohin biyu.

Asali

Tun kafin zuwan asibitin Turawa, jinya a ƙasar Bauchi nauyi ne na dangi da maƙwabta. Ungozoma ke karɓar haihuwa ta yanke cibiya, wanzami ya yi ƙaho da kaciya da cire beli, maɗori ya ɗora karaya, malami ya ba da rubutu. Ladan waɗannan mutane sau da yawa hatsi ne ko kaza ko goro, kuma ba a san su da korar wanda bai kawo komai ba. Idan magidanci ya kwanta ciwo da damina, 'yan unguwa kan yi masa gayya su nome gonarsa, mata kuma kan sauya layin adashi domin wadda ɗanta ba shi da lafiya ta fara ɗauka. Zakkar hatsi da sadaka su ke riƙe gajiyayyu. A manyan garuruwa akwai sarkin makafi da sarkin kutare, waɗanda ke tsaya wa mutanensu a fada, su kuma raba abin da aka samu. Mafi yawan wannan tsari bai shiga rubutu ba, amma a kansa aka ɗora duk abin da ya biyo baya.

Zamanin mishan da En'e

A ƙarƙashin mulkin mallaka, hukumar En'e ta buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a hedikwatocin hakimai, ta kuma ɗauki 'yan duba-gari. Waɗannan ba su wadatar ba, don haka ƙungiyoyin mishan suka cike wani ɓangare na giɓin. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya kafa tasha a Kaltungo, ƙasar Tangale, a wajajen 1917, daga nan ya bazu zuwa wasu sassan kudancin lardin Bauchi. Galibin tashoshin na da ɗakin magani inda ake wanke gyambo, a ba da maganin ciwon ido da na tsutsar ciki, a kuma koya wa samarin yankin aikin malamin asibiti.

Aikin da ya fi barin tarihi shi ne na kuturta. A wancan lokaci mai wannan cuta yakan rasa aure da sana'a, wani lokaci har da wurin zama a cikin danginsa. An kafa mazaunin masu jinyar kuturta a Bayara, kusa da garin Bauchi, ana jin a wajajen tsakiyar ƙarni na 20. Irin waɗannan wurare sun fi kama da ƙauye fiye da asibiti: majinyata na noma, suna kiwo, yaransu na karatu, wasu kan shafe shekaru kafin a sallame su. Zuwan ƙwayar dapsone ya sauya lamarin, domin an samu damar ba mutum magani yana zaune a garinsu, sannan daga 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna da ke warkar da cutar cikin watanni. Masana tarihi sun saɓa kan yadda aka gwama jinya da wa'azi a irin waɗannan cibiyoyi. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe yawancin asibitocin mishan, sai cocin ECWA, wanda aka kafa a 1954, ya ci gaba da riƙe wasu ƙananan ɗakunan magani a karkara.

Kaltungo, wadda yanzu ke Jihar Gombe, ta yi suna da jinyar saran maciji, musamman kububuwa, wadda manoma ke kira gobe-da-nisa. Mutanen kudancin Bauchi na cikin masu zuwa can har yau.

Ƙungiyoyin addini

Ƙungiyoyin Musulunci sun shigo fagen da tsari bayan samun 'yancin kai. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, da Fityanul Islam, da Izala da aka kafa a Jos a 1978, kowace na da rundunar 'yan agaji masu kaki. An fi ganinsu a wuraren wa'azi da filin idi da sansanin alhazai, amma babban aikinsu a ɓoye yake: ɗaukar waɗanda suka yi haɗari a hanya, ba da jini, kwana da majinyacin da ba shi da kowa, da yi wa gawar da ba a san danginta ba sutura. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, ta yi tasiri wajen shawo kan mata su riƙa zuwa awo, kasancewar 'ya'yanta na shiga gidajen da namiji baƙo ba ya shiga. A ɓangaren Kirista, ƙungiyoyin zumuntar mata na ziyarar asibitoci da abinci da sabulu da kuɗin magani. Ƙungiyar Red Cross na da reshe a jihar.

Kwamitocin gunduma

Bayan taron duniya kan kiwon lafiya da aka yi a Alma-Ata a 1978 da Shirin Bamako na 1987 na ƙasashen Afirka, Najeriya ta karkata ga kiwon lafiya a matakin farko, a zamanin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti. An kafa hukumar ƙasa mai kula da wannan fanni a 1992. Daga wannan tsari aka samu kwamitocin raya gunduma, inda mai unguwa da liman da wakilan mata da matasa ke sa ido kan asibitin yankinsu ba tare da albashi ba. Kwamiti mai ƙwazo kan gyara rijiyar asibiti, ya tara kuɗin taimakon gaggawa, ya kai kuka idan ma'aikaci ba ya zuwa aiki. A wasu wurare an yi yarjejeniya da direbobin tasha su kai mai naƙuda asibiti ko da tsakar dare, a biya su kuɗin mai kawai. Ƙarfin kwamitocin ya bambanta ƙwarai daga gunduma zuwa gunduma.

Abokan hulɗa na waje

Shirin TSHIP, wanda hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyi a jihohin Bauchi da Sakkwato daga 2009 zuwa 2015, ya horar da 'yan sa-kai na ƙauyuka, ya kuma yaɗa amfani da man shafa wa cibiyar jariri da ƙwayar da ke rage zubar jini bayan haihuwa. A 2014 gwamnatin jihar ta sa hannu kan yarjejeniyar rigakafin yara da gidauniyar Gates da ta Dangote. Asusun UNICEF na da ofishi a Bauchi, kuma ya tallafa wa mata masu bin gidaje a yaƙi da shan inna. Rigakafin shan inna ya gamu da turjiya a Arewa a 2003. An ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a 2020. Ƙungiyar likitoci ta MSF na jinyar yara masu tamowa kyauta a Kafin Madaki, ƙaramar hukumar Ganjuwa, ta kuma taimaka a lokutan ɓarkewar amai da gudawa da zazzaɓin Lassa.

A Ningi akwai cibiyar tarayya ta masu yoyon fitsari, inda ƙungiyoyi kan ɗauki nauyin aikin tiyata da koya wa matan sana'a kafin su koma gida.

Kuɗi da halin da ake ciki

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma jihar na da hukumar taimakekeniyar lafiya da ke yi wa masu rauni rajista. Duk da haka yawancin iyalai daga aljihunsu suke biya, shi ya sa neman taimako a rediyo da masallatai da shafukan Facebook da WhatsApp ya zama ruwan dare ga masu jinya a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa da asibitin tarayya da ke Azare. Janye tallafin Amurka a 2025 ya taɓa shirye-shirye da dama. Ana muhawara kan dogaro da kuɗin waje, da kuma kan ko ya dace a riƙa biyan 'yan sa-kai alawus na dindindin.